Yaranmu Da Jarrabawar Shiga Jami'a

Kowace shekara, sa'ad da zafin bazara ya kama, akwai magana guda da takan cika gidajenmu, watau maganar JAMB. Uwa ta sayar da akuya, uba ya taɓa buhun masarar da ya ajiye domin damina, a haɗa kuɗin fom da kuɗin mota. Yaro kuwa ya rage cin abinci, barci ma ya ƙi zuwa. Ni malamin sakandare ne a ƙauye. Na yi shekara fiye da 30 ina koyarwa kafin in huta, a yawancin shekarun nan kuwa ni nake raka 'yan aji shida zuwa wurin jarrabawa. Ina so in faɗa wa iyaye abin da yaran nan suke gamuwa da shi a can, gama da yawa cikinmu maki kaɗai muke tambaya, ba mu san irin hanyar da yaro ya bi kafin ya kawo makin gida ba.

Bari mu fara da asalin abin. A da, kowace jami'a ita take ɗaukar ɗalibanta da kanta. Yaro ɗaya mai ƙoƙari yakan sami wuri a jami'a biyu ko uku, ya zaɓi ɗaya, sauran wuraren su lalace a banza, wani kuwa yana gida bai sami ko ɗaya ba. Bayan da aka buɗe sababbin jami'o'i 7 a 1975, har da na Jos, da Kano, da Sakkwato, da Maiduguri, sai rikicin ya ƙaru. Saboda haka a 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa hukumar JAMB, domin a yi jarrabawa ɗaya ga dukan ƙasa. A 2010 aka haɗa jarrabawar jami'a da ta kwalejojin kimiyya da na horon malamai ta zama ɗaya, aka sa mata suna UTME. Amma a bakin mutane har wa yau sunanta JAMB.

Ni na rubuta tawa a 1984. A lokacin fensir ne makaminmu, fensir mai lamba HB, da abin goge rubutu, da reza ta fiƙe fensir. Akan ba mu takardar tambayoyi da wata takarda dabam mai ƙananan akwatuna, mu riƙa cike akwatin amsar da muka zaɓa da baƙin fensir. Malamanmu sun ja mana kunne ƙwarai kada takardar nan ta lanƙwashe ko ta taɓa mai, gama inji ne zai karanta ta. Na tuna na yi ta share gumin hannuna a wando don kada ya ɗiga a kanta. Bayan jarrabawa sai jira. Ta gidan waya sakamako yake zuwa, mu kuwa akwatin makaranta muke amfani da shi, mil bakwai daga gidanmu. Na taka keken babana zuwa can sau da yawa kafin takardata ta iso. Jiran nan da wuya, amma yana da wani amfani: kafin sakamako ya zo, zuciyar kowa ta riga ta kwanta, an shiga aikin gona, magana ta yi sanyi.

Zamanin kwamfuta

A 2013 aka fara yin jarrabawar a kwamfuta, a 2015 kuwa aka bar takarda da fensir ɗungum. Ga yadda tsarin ya zama. Ɗalibi yakan ɗauki darussa huɗu, Turanci dole ne, sauran ukun kuma bisa ga abin da yake so ya karanta. Tambayoyi 180 ne, 60 na Turanci, 40 ga kowane ɗaya na sauran. Lokaci awa biyu. Mai karatu, ka yi lissafi da kanka: kowace tambaya tana da daƙiƙa 40 kurum, a ciki yaro zai karanta, ya gane, ya yi lissafi idan akwai, ya zaɓi amsa. Cikakken maki 400 ne.

A shekarar da aka bar fensir, makarantarmu ba ta da kwamfuta ko ɗaya, ba ta kuma da wutar lantarki. Muka samo kwalaye daga mai shago, muka zana hoton allon haruffa a kansu, kowane yaro ya riƙa danna kwali da yatsa. Wani ɗan bautar ƙasa da aka turo mana yana da ƙaramar kwamfuta ta hannu, ya yarda ya ba mu aro. A wurin mai aski muke yi mata caji, gama shi kaɗai yake da janareta a unguwar. Yara 46 ne, kowa ya sami minti goma a gabanta, sau biyu. Da wannan guzuri suka tafi.

A cikinsu akwai wata yarinya wadda ba ta da na biyu a ajin. Ita take koya wa sauran Bayoloji da yamma a gindin mangwaro. Da ta fito daga ɗakin jarrabawa, sai ta zo ta tsuguna kusa da ni, ta yi shiru. Can ta ce, "Malam, na san amsoshin, hannuna ne ya ƙi." Ta ce da ta zauna, sai ta ji tsoron taɓa linzamin kwamfutar kada wani abu ya lalace a ce ta biya. Kibiyar da take kan allo tana ta gudu, ta kasa tsayar da ita a inda take so. Na kusa da ita, 'yan birni, suna ta danne-danne, ita kuwa tana kallon agogon da yake kusurwar allo yana cinye lokacinta. Sa'ad da injin ya rufe, tana da tambayoyi wajen 30 da ba ta ko gani ba. Makinta bai kai 200 ba.

Kawunta ya ɗauke ta zuwa gari, ya sa ta a wani shagon buga takardu na mako uku. Ba ta sayi sabon littafi ba, ba ta sake malami ba. Da shekara ta kewayo ta sake zama, ta sami 247. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce. Tun daga ranar na gane cewa makin da yake zuwa gida yana auna abubuwa da yawa a haɗe: abin da yake cikin kan yaro, da sabon hannunsa da inji, da barcin da ya samu, da tsoron da yake cikinsa. Daga baya hukumar ta sauƙaƙa abin, yadda yaro zai iya amsawa da 'yan haruffa kaɗai: A, B, C, D domin zaɓen amsa, N domin ya wuce gaba, P domin ya koma baya, S domin ya miƙa aikinsa. A 2017 kuma aka fara jarrabawar gwaji kafin ta ainihi. Duk wanda yake da hali ya sa yaronsa ya yi gwajin nan, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Daren jajibere da safiyar jarrabawa

Iyayen da suke birni ba su san wahalar tafiya ba. Daga ƙauyenmu zuwa garin da yake da cibiyar jarrabawa awa uku ne a mota, idan hanya ta yi kyau. Wanda aka sa wa zaman farko, dole ya kwana can. Mukan roƙi wani hedimasta ya buɗe mana aji biyu, ɗaya na maza, ɗaya na mata, mu shimfiɗa tabarmi. Wasu yaran ba su taɓa kwana a wani gari ba sai ranar. Ga sauro, ga zafi, ga ƙarar motoci. Da tsakar dare sai ka ga hasken tocila a ƙarƙashin zane, wani yana ta buɗe littafin tsofaffin tambayoyi. Nakan karɓe littafin in ce ya kwanta. Abin da bai shiga kai cikin shekara uku ba, ba zai shiga a daren ba, barcin kuwa zai yi masa amfani da safe.

Tun gari bai gama wayewa ba ake shiga layi. A bakin ƙofa kowa zai ɗora yatsa a kan wata 'yar na'ura, ta tabbatar shi ne ya yi rajista. Wannan domin a hana wani ya rubuta wa wani ne, abu ne mai kyau ƙwarai. Amma yatsan ɗan manomi ya sha fartanya. Na ga wani yaro ya ɗora babban yatsansa sau biyar na'urar ba ta gane shi ba. Ya goge a riga, ya hura masa iska, layi yana ta gunaguni a bayansa. A na shida ta karɓa. Ya shiga, amma jikinsa yana rawa, ya ce mini ya yi minti goma kafin rubutun allo ya daina yawo a idonsa. 'Yan mata kuma su kiyaye lalle. Hukumar da kanta ta yi gargaɗi cewa lalle yana ɓata zanen yatsa. Idan akwai biki a gida kusa da lokacin rajista ko jarrabawa, uwa ta hana ɗiyarta ƙunshi, biki ba ya ƙarewa.

Ba a shiga da waya, ko agogo, ko na'urar lissafi. Saboda haka ni nakan zauna a inuwa da buhu cike da wayoyi da agogo, tare da sauran malamai da iyaye. Ba mai magana da yawa. Bayan awa biyu sai ƙofa ta buɗe. Shekaru sun koya mini kada in gaskata fuska. Mai fitowa da dariya yana cewa ai ruwa ne, sau da yawa shi ne mai kuka daga baya. Wanda ya fito yana ƙirga tambayoyin da ya yi shakka a kansu, shi ne yakan ci.

Inji ma yakan yi tuntuɓe. Wata shekara kwamfutar wani ɗalibina ta mutu yana tsakiyar Lissafi. Mun riga mun gaya musu, in haka ta faru, kada su taɓa kome, su ɗaga hannu. Ya ɗaga, aka sake masa wuri, ya tarar da amsoshinsa suna nan, ya ci gaba. A 2025 kuwa abin ya yi girma. Bayan sakamako ya fito, shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito a bainar jama'a ya ce an sami kuskuren na'ura a cibiyoyin Legas da jihohin kudu maso gabas, ya nemi gafara, aka sake wa ɗalibai kusan 380,000 jarrabawa. Ka tuna da yaran nan a kwanakin da suke gida kafin gaskiya ta fito, suna rantsuwa sun yi ƙoƙari, ba mai gaskata su.

Ramuka biyu

Akwai masu cin abinci da tsoron yara. Idan jarrabawa ta kusa, sai saƙo ya riƙa shigowa wayoyinsu, wani yana cewa yana da amsoshin gobe, ko yana iya ƙara maki, a tura kuɗi kurum. Wani ɗalibina ya tura kuɗin motarsa na komawa gida. Aka aiko masa da jerin haruffa, ya kwana yana haddacewa. Da ya zauna, ko tambaya ɗaya ba ta yi daidai da abin da ya haddace ba, gama tambayoyin da suke gaban wannan ba lalle su ne suke gaban wancan ba. Ya kira lambar, a kashe. Abin baƙin ciki, wani lokaci iyaye ne da kansu suke ba da kuɗin. Uban da ya saya wa ɗansa amsa ya koya masa darasin da zai bi shi har wurin aiki, har gidan aurensa.

Rami na biyu shi ne zaɓen darussa. Mai son aikin likita sai ya ɗauki Turanci, da Fiziks, da Kemistiri, da Bayoloji. Mai son aikin injiniya sai Turanci, da Lissafi, da Fiziks, da Kemistiri. Mai son aikin lauya ba ya rabuwa da Adabin Turanci. Wani yaro mai ƙwazo, ɗan wata gwauruwa, ya je rajista shi kaɗai. Layi ya yi tsawo, mai cike fom yana sauri, aka sa masa Lissafi a wurin Fiziks, shi kuwa bai karanta takardar ba kafin ya bar wurin. Ya ci 260, uwarsa ta dafa shinkafa ta raba wa maƙwabta. Da lokacin ɗaukar ɗalibai ya yi, sai aka ce darussansa ba su dace da karatun likita ba. Makin JAMB kuwa na shekara ɗaya ne, ba a ajiye shi. Shekara guda ta tafi saboda layi ɗaya a takarda. Kada yaro ya je rajista sai ya zauna da malaminsa tukuna, ya rubuta darussan a takarda, ya kuma karanta abin da aka buga masa kalma kalma.

Ranar sakamako

Yanzu ba a taka keke zuwa gidan waya. Bayan 'yan kwanaki yaro zai aika saƙo ta waya, maki ya shigo nan take, sau da yawa a tsakar gida, kowa yana tsaye a kansa. A nan ne nake ganin aikin iyaye ya fi girma.

Wata safiya wani dattijo ya yi sallama a ƙofata, hularsa a hannu. Ya ce, "Malam, yaron nan bai kwana a gida ba." Ɗansa ya rubuta jarrabawar sau uku. A na ukun ya sami 168. Uban ya sayar da ɗan maraƙi domin kuɗin darasi na musamman, da ya ji makin sai ransa ya ɓaci, ya faɗi maganganu a gaban ƙannen yaron, ya ce ɗan maƙwabci ya fi shi, ya ce ya yi asarar maraƙi. Da asuba aka tarar da tabarmarsa a naɗe. Muka yi kwana huɗu muna nema, tasha tasha. Uwar ba ta ci ba, ba ta sha ba. A rana ta biyar aka aiko cewa yana wurin gwaggonsa a wani gari. Na je da kaina. Na same shi a bayan ɗaki, ya rame. Ya ce, "Malam, jarrabawar zan iya sake ta. Idon Baba ne ba zan iya sake kallo ba."

Da na komo, na zauna da uban. Na ce, "Baba, ka san mutum nawa suke rubuta abin nan?" Bai sani ba. Iyaye da yawa ba su sani ba, shi ya sa zan faɗa a nan. A 2025 yara kusan miliyan 2 suka zauna jarrabawar, a sakamakon farko da aka fitar, fiye da 1,500,000 a cikinsu ba su kai maki 200 ba. Watau a cikin kowane yara huɗu, uku suna ƙasa da rabi. Ko waɗanda suka haye ma ba duka suke samun wuri ba, gama kujerun da ake rububi, kamar na likita da lauya, ba su isa ba. Bayan JAMB, jami'o'i da yawa suna da tasu tantancewa, ga kuma buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO. Yaron da ya kawo 168 yana cikin babban taro, ba shi kaɗai ba ne, ba kuwa wawa ba ne.

Dattijon ya yi shiru, sa'an nan ya ce in raka shi. Muka tafi tare. Bai yi dogon jawabi ba. Ya ce wa ɗansa, "Tashi mu je gida, uwarka ba ta cin abinci." Yaron ya shiga kwalejin horon malamai a shekarar, ya gama NCE, ya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Yau shi yake koyar da Lissafi a wata makaranta kusa da mu, shi ne kuma yake raka nasa ɗaliban zuwa jarrabawa.

Na kuma san wata uwa, ba ta taɓa shiga aji ba. Ɗiyarta ta duba waya, ta fashe da kuka. Uwar ba ta tambayi lamba ba. Ta ce, "Wanke fuskarki ki ci tuwo tukuna, gobe mu je wurin Malam mu ji abin da ya rage." Kashegari suka zo, muka duba hanyoyin da suke akwai: ta sake zama baɗi, ko ta canja zuwa kwas ɗin da makinta ya isa, ko kwalejin kimiyya, ko karatun share fage na IJMB wanda Jami'ar Ahmadu Bello take kula da shi. Yarinyar ta zaɓa da hankali kwance. Uwar nan ta fi masu digiri da yawa sanin tarbiyya.

Ya ku iyaye, ku tambayi yaranku yadda dare ya wuce, da yadda layi ya kasance, da inda lokaci ya ƙure musu, kafin ku tambayi maki. Idan akwai faɗa, a yi shi a ɗaki, bayan kwana biyu, ba a gaban ƙanne ba. Kada a auna yaro da ɗan maƙwabci. Kuɗin da za a ba mai sayar da amsa, a ba mai shagon kwamfuta ya koya wa yaro hannu. Ku kuma yara, ku fara shiri tun kuna aji biyar, ku riƙa amsa tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanku, ku karanta littafin da aka sa domin Turanci da kanku, kada ku dogara ga labarin aboki. Tambayar da ta yi wuya ku wuce ta, ku komo mata daga baya. Idan maki ya zo ƙasa, ku faɗa wa iyayenku gaskiya, ku zauna a gida a nemi shawara tare. Jarrabawar awa biyu ce, ana kuma sake ta kowace shekara. Allah ya ba yaranmu sa'a, mu kuma ya ba mu haƙuri da su.